Nawa Ne Rabon Kowane Yaro a Kuɗin Ilimi?

Shekara biyu ke nan da iyayen yara suka sa ni cikin kwamitin kula da makarantar firamaren unguwarmu, wanda ake kira SBMC. Unguwar tamu tana bakin garin Kano, cikin irin unguwannin nan da shekara ashirin baya gonakin gero ne da dawa, yau kuma gidaje sun cika su ba masaka tsinke. 'Ya'yana uku suna makarantar. Ranar zamanmu na farko, bayan an yi addu'a an gaggaisa, na yi wa hedimasta tambayar da na ɗauka ita ce mafi sauƙi. Na ce, "Malam, nawa ake ba makarantar nan a zango, don mu san daga inda za mu fara?"

Ya yi shiru jim, sannan ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da wani littafi mai bangon kwali ya miƙo mini. Ya ce, "Alhaji, duba da kanka." Littafin kashe-kashe ne. Alli kwali biyu, daga aljihun hedimasta. Tsintsiya goma, gudummawar wata malama. Kwaɗon ƙofar ofis, daga aljihun hedimasta. Kwashe masai, abin da liman ya tara bayan sallar Juma'a. Na juya shafin kuɗin shiga, na tarar da shi fari fat. Ya ce, "Ba zan yi butulci ba, albashinmu yana zuwa. Wani lokaci a kawo littattafai, wani lokaci a turo ɗan kwangila ya yi fenti. Amma a ce ga kuɗi a hannun makaranta, wanda na san zai zo kowane zango har in yi lissafi a kansa, wannan kam babu."

Na mayar masa da littafin jikina a sanyaye. Da can in na ji a rediyo an ce an ware wa ilimi kaza a kasafin kuɗi, sai in ce madalla. Tun daga ranar, abu ɗaya nake so a faɗa mini: naira nawa ce rabon kowane ɗan firamare a shekara a wannan ƙaramar hukumar, kuma nawa ne daga ciki yake shiga harabar makaranta? A ganina, duk gwamnatin da ta ce ilimi kyauta ne, wajibinta ne ta yanke wannan adadin, ta sa shi a doka, ta tura shi kai tsaye asusun kowace makaranta gwargwadon yawan yaranta, ta kuma sa a rubuta shi a bango inda kowa zai gani.

Ba zan ƙi faɗin alheri ba. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, daga firamare har sakandare. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma da bakinsa ya faɗi cewa miliyoyin yaran jihar nan a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Ba kowane shugaba ne zai tsaya a bainar jama'a ya faɗi haka ba. Kason ilimi a kasafin jihar ya kai wajen kashi 30 cikin 100. Wannan ya zarce abin da ƙasashen duniya suka amince a kai a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015, wato kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati take kashewa. Ya ma zarce kashi 26 ɗin nan da jaridunmu suka daɗe suna jingina wa UNESCO.

Sai dai maganar kashi yaren ofis ne. A cikin kason nan akwai jami'o'in jiha da kwalejoji, akwai abincin makarantun kwana, akwai kuɗin jarrabawar da ake biya wa 'yan sakandare, akwai tallafin karatu a ƙasashen waje. Kuma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san tsakanin "an ware" da "an saki" akwai tafiya mai nisa. Uwar da ta tashi tun asuba ta dama koko ta sayar don ta sami abin da za ta ba ɗanta kuɗin tara, in ka ce mata kashi talatin, ba ka gaya mata komai ba. Amma ka ce mata, "Ɗanki yana da naira kaza a wajen gwamnati kowane zango, kuma an ba makarantarsu," nan take za ta gane, gobe kuwa za ta yafa mayafi ta je ta tambaya.

Zaman kwamiti ya tilasta mini na koyi yadda kuɗin firamare yake tafiya. Albashin malamai, wanda shi ne yake lashe mafi yawan kuɗin, daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya sa su cikin ɗaukar nauyin firamare, kuma kason nasu ta asusun haɗin gwiwa da jiha aka saba bi da shi. Gine-gine kuwa suna da tasu hanyar. A 1999 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko na bai ɗaya, wato UBE, a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, a hannun hukumar UBEC. Rabin wannan kuɗin jihohi ake ba don gina azuzuwa da sayen kujeru, da sharaɗin sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta. Ita kanta UBEC ta sha kokawa cewa biliyoyin naira suna jibge a wajenta, jihohi da dama ba su kawo nasu kason ba balle su ɗauka. Idan kuɗin ya fito, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, ita ce take ba da kwangila.

To, albashi yana da uba, gini yana da uba. Abin da yake maraya shi ne hidimar yau da gobe: alli, rajista, takardar jarrabawa, ruwan sha, gyaran bencin da ƙafarsa ta karye, ƙusar da za a kafe kwanon da iska ta fara ɗagawa. Da waɗannan makaranta take rayuwa daga Litinin zuwa Juma'a, kuma su ne ba su da wani tsayayyen adadi da hedimasta zai ce haƙƙinsa ne. Ana bayarwa jefi-jefi, musamman in an shigo da wani shiri na Bankin Duniya ko na wata ƙungiyar waje. Shirin yana ƙarewa, kuɗin ya ɗauke.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake raba wancan rabin na UBEC. Raba-daidai ake yi tsakanin jihohi 36 da Abuja. Abin da za a ba Kano shi za a ba Bayelsa. A ƙidayar 2006 Kano tana da mutum miliyan 9.4, Bayelsa kuwa miliyan 1.7. In ka raba kuɗin nan a kan kawunan yara, abin da ya faɗo kan ɗan Kano bai fi ɗaya bisa biyar na abin da ya faɗo kan ɗan Bayelsa ba. Ba na baƙin ciki da rabon ɗan Bayelsa. Na san gina aji a inda sai da kwale-kwale ake kai siminti ya fi tsada, kuma adalci ne a yi la'akari da haka. Amma tsadar ba ta kai ninki biyar ba. An gina tsarin ne a kan daidaiton gwamnoni, alhali yara ne suke zama a aji. Katsina, Kaduna, Jigawa, Bauchi, Sakkwato, duk inda yara suka fi yawa, nan ne rabon kowane yaro ya fi ƙanƙanta, kuma nan ne mafi yawan yara miliyan 10.5 da UNICEF ta daɗe tana cewa ba sa zuwa makaranta suke. 'Yan majalisarmu na tarayya daga Arewa sun fi kowa yawa a zauren majalisar. Gyaran wannan rabon aikinsu ne, kuma ya kamata mu tambaye su a kai duk ranar da suka zo neman ƙuri'a.

In ka sauko cikin jiha, irin wannan cutar za ka tarar. Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Wajen rabon kuɗin tarayya, kashi 40 cikin 100 daidai-wa-daida ake raba shi, yawan jama'a kashi 30 yake ci, yawan 'yan makaranta kuwa ɗan tsito ne a cikin lissafin. Shi kansa yawan jama'ar, tushensa ƙidayar 2006 ce. Jaririn da aka raɗa wa suna shekarar da aka yi ƙidayar nan, yau ya isa jefa ƙuri'a. A tsakanin nan, duba yadda Kumbotso da Ungogo suka batse, duba Rijiyar Zaki, Rimin Kebe, Sheka, Ɗorayi. Mutane suna ta kwararowa daga ƙauyuka, wasu neman abinci ya kawo su, wasu rashin tsaro ya koro su daga jihohin maƙwabta. Kowane magidanci ya zo da 'ya'yansa, kuma makarantar gwamnati ba ta korar yaro. Hedimasta zai rubuta sunansa, malami zai ce a matsa masa. Yara suna ƙaruwa kowace Satumba, azuzuwa da malamai suna nan yadda suke.

'Yata ta tsakiya tana aji uku. Na lura kullum in za ta tafi sai ta ninke wani tsohon buhun shinkafa ta cusa a jakarta. Na tambaye ta, ta ce, "Baba, a kai nake zama." Washegari na bi ta. Na tarar da malamar ajinsu a tsaye daga bakin ƙofa, domin yara sun cika ajin har gindin allo, babu inda za ta sa ƙafa ta zaga. Benci shida ne a ɗakin, manyan yara maza sun riga sun kama su. Sauran suna ƙasa, cinya a kan cinya, littafi a kan gwiwa. Simintin ƙasan ya farfashe, sai ƙura. Na roƙi malamar ta nuna mini rajista, na ƙirga suna sama da ɗari. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Na ce mata, "Malama, yaya kike duba aikinsu?" Ta ce, "Alhaji, wanda yake kusa da ni shi nake dubawa. Na baya sai dai in yi masa addu'a." Ba da wasa ta faɗa ba, idonta ya ciko. Matar nan tana son aikinta. An ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin mutum uku ne.

Na san 'yan kuɗin da nake magana a kai ba za su ɗauki sababbin malamai ba, ba za su gina bene ba. Amma ga abin da za su yi. A farkon daminar bara iska ta ɗaga kwano biyu a kan aji biyar. Kafintan unguwa ya zo ya duba ya ce aikin yini ɗaya ne, ƙusa da katako biyu da ladan hannu. Babu ko sisi a asusu. Muka rubuta takarda zuwa ofishin da abin ya shafa, aka karɓa da mutunci, aka ce za a duba. Kafin a duba iska ta biyu ta zo ta yaye rabin rufin. Ruwa ya sauka a kan silin, silin ya rufto, bango ya jiƙe ya tsage. Aka kwashe yaran aka haɗa su da wani ajin da dama a cike yake. Abin da kafinta zai gama kafin la'asar, yanzu ya zama aikin kwangila na miliyoyi, sai an sa shi a kasafi, sai an yi talla, sai an jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mun tsara abin yadda mai ɗakin ba shi da ikon sayen ƙusa.

Ga kuma inda doka ta sa hedimasta a tsaka mai wuya. Dokar 2004 ta lissafa abubuwan da za a ba yaro kyauta: littattafai, kayan koyarwa, aji, kujeru, har da abincin rana. Ta ce duk wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan ya yi laifi, za a iya cin sa tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta ma akwai hukuncinsa, daga gargaɗi zuwa tarar naira 2,000, zuwa 5,000. Kowa an tanadar masa hukunci. Amma dokar ba ta faɗi ko naira nawa za a miƙa wa makaranta a madadin kuɗin da aka hana ta karɓa ba. Saboda haka hedimasta yana gaba kura baya siyaki. In ya ce iyaye su kawo naira ɗari-ɗari na jarrabawa, a kai ƙararsa gidan rediyo a ce yana zagon ƙasa ga ilimi kyauta. In bai ce ba, a rubuta tambayoyin jarrabawa a allo, yara ɗari su kwafa a takardar da suka yago daga littafinsu. Hana karɓar kuɗi daidai ne, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, domin na ga yaran da naira ɗari biyu ta zaunar da su a gida. Amma wanda ya toshe wannan ƙofar, shi ya kamata ya buɗe wata.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Ƙasashen Afirka da suka soke kuɗin makaranta sun gane haka tuntuni. Da Kenya ta mayar da firamare kyauta a 2003, sai ta yanke shilin 1,020 ga kowane yaro a shekara, ana tura su asusun makaranta. Ghana ta bi sahu a 2005 da nata tsarin na kuɗi bisa kan kowane ɗalibi, kuma 'ya'yan 'yan uwanmu na zango a Kumasi da Accra suna cikin masu cin moriyarsa. Can ma ana kuka. Kuɗin yana makara, hauhawar farashi tana cinye shi, shugabannin makarantu suna ƙorafi a jaridu. Amma ka lura da irin kukan: "Ana bin gwamnati bashin zango biyu." Wanda ya san adadin haƙƙinsa shi yake iya cewa an makara ko an rage. Hedimastanmu ba shi da abin da zai ce an makara da shi.

Labarin Uganda ya fi kowanne tsaya mini a rai. A 1996 aka bi sawun kuɗin da gwamnati take turawa makarantu bisa kan yara, aka gano cewa daga 1991 zuwa 1995, kashi 13 cikin 100 kacal ne yake isa makaranta. Sauran yana narkewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, ta kuma sa makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Da aka sake bin sawu a 2001, abin da yake isa ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren tare da wannan, amma jigon abin shi ne iyaye da malamai sun san abin da aka aiko, sun kuma san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Mu ma nan gida mun iya lissafin kai in mun ga dama. Da gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, cewa ta yi naira 70 ga kowane yaro a rana. Shirin ya yi ta tangal-tangal, amma don an faɗi adadin, kowace mai dafa abinci ta san abin da take bi, kowane uba ya san abin da ya kamata ya gani a kwanon ɗansa. Haka nan da jihar Kano ta ɗauki nauyin ɗalibai 1,001 don karatun digiri na biyu a ƙasashen waje irin su Indiya a 2023, an san kuɗin makarantar kowane ɗaya, da kuɗin jirginsa, da na abincinsa. Ba na adawa da wannan shirin, 'ya'yan talakawa da yawa sun zama mutane ta dalilin irinsa. Roƙona shi ne a yi wa yarinyar da take zaune a kan buhu irin lissafin da aka yi wa yayanta mai tafiya Indiya. Daga cikin irinta ne za a sami wanda za a tura gobe, in ta iya karatu.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce an yanke naira 2,000 ga kowane yaro a shekara. Makaranta mai yara 1,500 za ta sami naira miliyan 3, wato miliyan ɗaya kowane zango. Da wannan za a sayi alli da rajista, a buga jarrabawa, a gyara famfo, a kira kafinta ranar da kwano ya ɗaga, a yi 'yan bencina kowane zango a hannun masu aikin katako na unguwa. In aka ɗauka yara miliyan 4 ne, jimillar ta zama naira biliyan 8. Kasafin jihar na 2024 ya haura naira biliyan 400, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin da jihohi suke samu daga Abuja ya ƙaru sosai. Talaka ne ya biya wannan ƙarin da kuɗin mota da kuɗin masara. In aka mayar masa da kaɗan daga ciki ta hanyar makarantar ɗansa, ba alfarma aka yi masa ba.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a zaure. Za a ce in kuɗi ya bi yawan yara, za a cika rajista da sunayen bogi. Gaskiya ne, za a gwada. Amma ana yin ƙidayar makarantu duk shekara, kuma yaro ba aljani ba ne, ana ganinsa. A riƙa zuwa ba sanarwa a ƙirga kawuna, a haɗa da mai unguwa da liman da wakiliyar mata su sa hannu. Wanda aka kama ya ƙara suna a hukunta shi a fili. Za a kuma ce hedimasta zai cinye. Wasu za su ci, ba na musu. Sai dai hedimasta a cikinmu yake, muna sallah sahu ɗaya, mun san gidansa, mun san babur ɗin da yake hawa. In an rubuta a bango cewa miliyan ɗaya ta shigo, aka wayi gari babu alli, kafin azahar maganar ta zaga unguwa. Ɗan kwangilar da ya zo daga wani gari ya shafa fenti a kan tsagaggen bango ya tafi, wa ya san inda zai same shi? Kuma kuɗin ba a aljihun mutum ɗaya zai zauna ba. Asusun banki ne, ba a cirewa sai da hannun hedimasta da na shugaban kwamiti, kuma ƙarshen zango a tara iyaye a karanta musu abin da aka kashe da Hausa.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na ƙauye. Wani abokina da yake koyarwa a wata 'yar makaranta can kudancin jihar ya ce mini, "In aka bi yawan kai, ku na birni za ku kwashe, mu masu yara tamanin mu tashi da me? Rufinmu ma iska tana ɗauka." Ya yi gaskiya. Saboda haka a fara da wani tsayayyen kaso da kowace makaranta za ta samu komai ƙanƙantarta, sannan a ɗora na kai a sama. A ƙara wani abu ga makarantun da suke nesa, da na 'ya'yan makiyaya, da masu yara masu buƙata ta musamman, da Islamiyyu da tsangayun da gwamnati ta shigar cikin tsarinta. Duk wannan rubutu ne da za a iya yi a shafi ɗaya, kowa ya karanta ya gane.

Akwai wani dalilin da ya sa nake ganin yanzu ne lokacin. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tsofaffin malamai da na zanta da su murnarsu ragaggiya ce, domin ba su manta farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka miƙa firamare ga ƙananan hukumomi, albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba. Ko a hannun gwamna lalitar take ko a hannun ciyaman, in babu adadin da doka ta ɗaure, rabon yaro zai dogara ne ga halin wanda yake kan kujera. In aka dace da mai tausayi a ga haske shekara huɗu, in aka sami akasin haka a koma gidan jiya. Majalisar dokokin jiha tana da ikon ɗaure wannan, ta kuma ce a riƙa sabunta adadin duk shekara gwargwadon tsadar kaya.

Mu iyaye ma da namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya ɗan sami sarari a unguwarmu ya cire 'ya'yansa ya kai su makarantar kuɗi, ko da kuwa gidan haya ne mai ɗaki huɗu aka kafa wa allo. Ban ga laifin kowa ba, kowa nasa yake so. Amma sakamakon shi ne masu bakin magana, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu ilimin da za su iya rubuta takarda su bi ta ofis-ofis, duk sun bar makarantar gwamnati. An bar ta ga mai tura ruwa da mai wankau da bazawara mai sayar da ƙosai, mutanen da in suka bar sana'a yini ɗaya tukunya ba za ta hau wuta ba. Ranar taron iyaye na ƙarshe, a makaranta mai yara fiye da dubu, ba mu cika aji ɗaya ba. Ina da yaƙinin da mutane sun san akwai kuɗin 'ya'yansu da za a karanta lissafinsa, da filin makarantar bai ishe mu ba.

A zamanmu na watan jiya muka yanke shawarar ba za mu jira ba. Wani mai fenti cikin iyayen yara ya kawo ragowar fenti, muka sa ya rubuta a bangon da yake kallon titi, da boko da ajami: yawan yara, yawan malamai, yawan azuzuwan da ake amfani da su, yawan bencina. A ƙasa ya ja layi biyu, ɗaya na gudummawar jama'a, ɗaya na abin da ya shigo daga hukuma a wannan zangon. Mun kuma rubuta wa ɗan majalisarmu na jiha takarda, da sa hannun mai unguwa da limamai uku da shugabar mata, muna roƙon ya kai maganar rabon kowane yaro zauren majalisa kafin a zartar da kasafin baɗi. Muna neman kwamitocin makarantun da suke kewaye da mu su rubuta irinta.

Ranar da aka gama rubutun ina tsaye a bakin ƙofa, sai ga wata dattijuwa ta kawo jikokinta biyu. Ta tsaya ta karanta ajamin a hankali tana bi da yatsa, har ta zo layin ƙarshe. Ta juyo ta ce mini, "Ɗan nan, nan wurin me za a rubuta?" Na gaya mata. Ta ce, "To, in an rubuta a aiko a faɗa mini. Gidana ne mai ƙofar langa-langa a bayan masallaci." Na ɗauki biro na rubuta kwatancen a bayan takardar taro. Aji biyar har yanzu ba rufi, gajimare kuma ya fara haɗuwa ta gabas.